Zanen Katambiri a Fuskar Sista Rahab

Ranar da rediyo ta ce an yanke Katsina daga Kaduna an ba ta jiharta ta kanta, babu wanda ya yi rawa a Dayi kamar Enoch. Yana cikin gonar audugarsa ya ji ihu daga bakin titi. Ya zaci mota ce ta kife, ya yar da fartanya ya sheƙo a guje, sai ya tarar gari ya haukace. Masu babura sun ɗaura ganyen dalbejiya a kan fitilu suna kai da kawowa, yaran mota suna dukan jikin bas kamar ganga, mai shayi yana zuba wa kowa ba tambaya. Mahauta sun fito da mai kalangunsu. Wani direban tirela da ya taso daga Funtua ya tsaya a tsakiyar hanya, ya danne oda ya ƙi saki.

Enoch dattijon coci ne mai 'ya'ya biyar, mutumin da ko ranar Kirsimeti iyakar rawarsa gyaɗa kai. Amma ran nan sai ya ɗaure riga a ƙugu ya faɗa fage ba takalmi, yana juyi yana tsalle kamar ɗan akuya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Kowa ya koma gidan ubansa!" Jama'a suka amsa. Enoch ya fi kowa amsawa, har jijiyar wuyansa ta miƙe.

Ummaru mai awon hatsi, maƙwabcinsa da zana ɗaya ta raba gidajensu, ya jawo shi gefe yana dariya.

"Malam Enoch, sassauta, kada ƙugu ya goce. Ina da tambaya."

"Yau ba ranar tambaya ba ce, Ummaru! Mun samu jiha!"

"Mun samu kam. To, kai da kake cewa kowa ya koma gidan ubansa, ina gidan uban Sista?"

Ƙafar Enoch ɗaya tana sama, a can ta tsaya.

Sista dai ita ce Rahab matarsa, ungozomar asibitin garin. 'Yar Kagoro ce, can kudancin Zariya. Tana budurwa 'yan mishan suka kawo ta ƙasar Malumfashi aikin jinya, daga baya gwamnati ta ɗauke ta. Shi kuwa Enoch Bakatsine ne gaba da baya, ɗan Gozaki, iyayensa Maguzawa, yana saurayi ya shiga coci. Lokacin da suka yi aure gwamna ɗaya ke mulkin Kagoro da Gozaki, ba wanda ya taɓa tambayar wani daga wace jiha yake. Yanzu an wayi gari Kagoro ta zama wata ƙasa, kuma da ƙafarsa ya yi wa abin rawa.

Kafin a girbe dawa zancen ya tabbata. Aka ce ma'aikatan gwamnati za a raba su kamar yadda ake raba tebura da motoci: ɗan Katsina ya dawo Katsina, ɗan Kaduna ya koma Kaduna. Enoch da idonsa ya ga wani malamin makaranta ɗan Zonkwa a Malumfashi an ɗora masa gado da tukwane da kaji a bayan babbar motar kaya ta roka, yaransa suna zaune a kan katifa suna ɗaga wa mutane hannu. Tun daga ran nan tuwo ya daina wuce masa. Yana tauna loma sai ya tuna 'yarsa Liatu tana shekarar jarrabawa. Ya tuna auta Salome ba ta barci sai ta riƙe kunnen uwarta. Idan aka kwashe Rahab, yaran wa za su bi? Idan suka bi ta, su a Kagoro baƙi ne, 'ya'yan Bahaushe. Idan suka zauna, shi ko kunu bai iya damawa ba. Ga shi kuma tun rikicin addini na watan Maris, da ya taso daga Kafancan har ya iso Funtua, mutane sun fara lura da wane daga ina yake, abin da da ba a yi. Shi kansa gonar uba ba ta ɗaukuwa a bayan roka.

Sai aka ce kwamiti zai zo asibitin ranar kasuwa ya tantance ma'aikata ɗaya bayan ɗaya.

Enoch ya yi shawara da fasto, fasto ya ce a yi addu'a. Ya yi shawara da mai facin keke, ya ce a gudu da ita daji har kwamiti ya wuce. Daga ƙarshe ya je ya zauna a kan buhun masara a zauren Ummaru, ya riƙe kai.

"Ka kwantar da hankalinka," in ji Ummaru. "Ta yaya baƙo zai gane wane ɗan ina ne? Baki da fuska. Baki kam Sista ta gama, Hausarta ta fi tawa, sai fa in ta yi fushi yarensu ya kufce. Ranar kada ka ɓata mata rai."

"Takardunta fa?"

"Takardu? An ce takardun ma'aikata suna can Kaduna a ɗaure cikin buhuna, ana rigimar wa zai ɗauka. Fuska ce kawai ta rage. Dubi taka, ko makaho ya shafa ya san Bakatsine ne. Tata kuwa sumul kamar ƙwarya."

Enoch ya shafa kuncinsa. Askar gidansu ce a wurin, dogayen layuka daga gefen baki zuwa kunne, da bille ɗaya gajere a ƙarƙashin idon hagu. Idonsa ya yi haske.

"Wanzami!"

"A'a! Matar da ta haura arba'in za ka kai wa wanzami? So kake ta yanka mu da almakashin yanke cibiya?"

Daga bayan zana sai muryar Hansai matar Ummaru ta fito, ashe duk tana ji.

"Ku maza komai sai da jini. Katambiri fa? Da shi muke zana kwalliya tun muna 'yan mata. In na ja mata layi da tsinke ya bushe, daga nesa ba mai cewa ba aska ba ce."

Enoch ya miƙe tsaye, ya sake zama, ya kama hannun Ummaru da hannu biyu yana girgizawa kamar shi ya kawo dabarar. Ya tsallaka gida yana tafe yana dariya shi kaɗai.

Ya tarar da Rahab a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ya zayyana mata komai tun daga buhunan takardu har zuwa tsinke. Ba ta ɗago ba sai da ya gama. Sannan ta dube shi, kallon da take yi wa mijin da ya kawo mai naƙuda a makare.

"Baban Liatu, ka yi shawara da fasto?"

"Na yi."

"Da Ummaru, da Hansai."

"Har da mai faci."

"Madalla. Ni nawa kawo fuska ne kawai ke nan."

"Yauwa! Abin da nake so da ke saurin ganewa."

Rahab ta hure ƙaiƙayin wake a hankali. Gefen bakinta ya ɗan motsa.

"To. Fuskar ga ta nan. A zana."

Jajibirin kasuwa da la'asar Hansai ta shigo da 'ya'yan katambiri a ƙulle a bakin zane, ta fasa ta matse a murfin kwano. Matan unguwa suka ji labari suka cika gidan, wasu da goyo, wata da muciya a hannu. Aka zaunar da Rahab a kan turmi. Hansai ta tsoma tsinke, sai ta tsaya.

"Wace iri zan yi mata? Katsinawa ai askarsu ba ɗaya ba ce. Ta mahauta daban, ta maƙera daban."

"Ga tawa!" in ji Enoch. "Kwaikwayi tawa, layi da layi. Wannan ba mai musunta ta."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da matarsa, kunci a jere da kunci, ya sandare kamar mai jiran a ɗauki hoto. Hansai ta duba nan ta ja can. In ya yi magana ta ce ya rufe baki layi yana karkacewa. Ƙuda ya sauka a hancinsa bai isa ya kore shi ba. Matan suna ba da umarni ta ko'ina, wannan ta ce na uku ya yi gajere, waccan ta ce a ƙara wa billen baƙi. Wata ta ce, "Hansai, kada ki kwaikwayi har da gemun!" Gida ya kwashe da dariya, Rahab kanta kafaɗunta suna rawa, Hansai tana yi mata tsawa ta tsaya.

Da aka gama aka kawo madubi. Rahab ta juya dama ta juya hagu.

"Ashe haka nake kallo kullum da safe ban sani ba. Allah ya ba ni lada."

Salome ta dawo daga wasa, ta ga uwarta, ta ga ubanta, ta fashe da kuka ta ruga bayan rumbu. Enoch kuwa daɗi ya cika shi. Ya tsaya a gabanta ya yi muryar manya.

"Malama, ina aka haife ki?"

"Gozaki, ranka ya daɗe."

"Wace unguwa?"

"Wace unguwa, Baban Liatu?"

"Ki ce unguwar su Baba. Ki ce gidan Maiwada, ƙanen Baba ne, ya rasu, ba mai tashinsa ya tambaye shi."

Gari ya waye kasuwa ta fara cika. An ajiye tebur a ƙarƙashin dalbejiyar asibiti, wani jami'i mai suna Malam Maitama yana zaune a bayansa, dattijo mai farar hula, idonsa ja don gajiyar hanya. Shi ma da askarsa a fuska. Ma'aikata sun yi layi a kan benci. Enoch ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tsaya bayan Rahab, yana goge zufa da hula.

Abin da bai lissafa ba shi ne ranar kasuwa ita ce ranar awo. Mata masu ciki da masu goyo sun cika farfajiyar, kuma babu ɗaya a cikinsu da ba ta san fuskar Sista ba, don wasu ranar naƙuda, lokacin da suka fi kowane lokaci buɗe ido, suka gan ta. Ta farko da ta hango zanen ta toshe baki da mayafi. Ta biyu ta tsuguna. Nan da nan labari ya zaga, sai garin ya shiga wasan gaba ɗaya.

"Sista, ina kwana? Yaya mutanen Gozaki?"

"Ai ni tare muka yi tallan gyaɗa da ita muna yara!"

"Ni na riƙe ta ranar da aka yi mata askar!" in ji wata yarinya da ba ta kai Liatu ba.

Enoch yana yi musu alama da ido su rage, su kuwa suna ƙarawa. Ummaru ya bar awonsa ya zo ya jingina da itace yana cin gyaɗa.

Aka kira Rahab. Ta zauna a gaban teburin ta naɗe hannu. Malam Maitama ya ɗago, ya dubi fuskarta, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Malama, ke 'yar ina ce?"

Rahab ta waiwayi mijinta. Enoch ya amsa kafin ta buɗe baki.

"Gozaki, ranka ya daɗe! Gidan Maiwada! Ga shaida nan a fuska!"

"Na gani. Askar nan sai ƙyalli take, kamar jiya aka yi ta. Kai kuma wane ne?"

"Mijinta ne, ranka ya daɗe."

"Mijin wa?"

Ba Malam Maitama ne ya yi wannan tambayar ba. Daga baya ta fito, da wata murya mai kaifi da Enoch ya sani tun yana tsirara. Gwaggo ce, ƙanwar ubansa, tsohuwar da ba ta shiga coci ba, ba ta shiga masallaci ba, tana nan a kan abin da ta tarar. Ta kawo daddawa kasuwa daga Gozaki ta biyo a ba ta maganin gwiwa. Ta ajiye ƙwaryarta a ƙasa, ta tako da sandarta, mata suna ba ta hanya. Ta kama haɓar Rahab ta juya ta wajen haske. Ta ƙirga layukan da yatsa. Ta taɓa billen.

"Nomau!" Sunan da aka raɗa masa ke nan kafin ya zama Enoch. "Askar wa nake gani a fuskar matarka?"

"Gwaggo, sannu da zuwa. Mu je daga gefe in..."

"Ba gefen da za ni. Wannan askar gidanmu ce. Ta ubanka ce, ta kakanka ce, tawa ce. Tun da aka kafa gidanmu ka taɓa jin mai askar nan ya auri mai askar nan? Mu ba mutanen birni ba ne da ɗan wa ke auren 'yar ƙane. A wurinmu duk macen da ke ɗauke da wannan ƙanwarka ce. Kuma na ji ka ce Maiwada. Maiwada ɗan'uwana? Ka ɗora masa 'ya yana kabari, sannan ka aure ta ka haifi biyar?"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Enoch. Ya san dokar nan kamar yadda ya san sunansa. Saboda ita ma tun yana saurayi ba ya kallon 'yan matan unguwarsu. Tsoro ne ya share ta daga kansa, Hansai kuwa da Ummaru 'yan uwan juna ne suka yi aure, ina za su sani?

Farfajiya ta rikice. Wata mai tsohon ciki tana dariya tana riƙe da mara tana cewa a taimake ta kada ta haihu a nan. Gyaɗa ta sarƙe Ummaru ana buga masa baya. Malam Maitama ya sa hannu ya rufe baki yana tari, tarin da kowa ya san ba tari ba ne.

"Tsohuwa, a yi haƙuri," ya ce da ya samu numfashi. "Bari in fahimta. Idan 'yar Maiwada ce?"

"Ba aure! Yau ɗin nan ta tattara ta biyo ni Gozaki, in nema mata miji a wani gida. 'Ya'yan kuma sai an yi yanka an wanke su."

"To, Malam, ka ji. Idan 'yar Gozaki ce, ta zauna a jiharmu, amma ba matarka ba ce. Idan matarka ce, to ba 'yar Gozaki ba ce. Wanne zan rubuta?"

Enoch ya dubi Gwaggo, ya dubi alƙalami. Ya dubi Rahab, ita kuwa tana kallon farcenta kamar zancen wasu ake yi. Sai ga shi a tsugune a gaban tebur da hula a hannu.

"Matata ce, ranka ya daɗe! Matata ce ta coci da ta gida! 'Yar Kagoro ce, ubanta ɗan Kagoro, uwarta tana can da ranta. Katambiri ne. Ni na sa aka yi, a kamo ni, ita ba ruwanta. Amma don Allah kada a ɗora ta a roka. Yarinyata tana shekarar jarrabawa, ƙaramar ba ta barci sai da ita. Ni ban san Kaduna ba, ban san Katsina ba, rawa ce kawai na yi!"

"Ka yi kam," in ji Ummaru daga jikin itace. "Mun gani."

Malam Maitama ya bar dariyar ta lafa, sannan ya ajiye alƙalami.

"Tashi, Malam. Wa ya ce maka ana ɗora matan aure a roka? Macen da ke auren ɗan jiha zaɓi ake ba ta. In ta so ta bi jihar mijinta, in ta so ta koma tata. Ba a faɗa wa ma'aikata ba?"

"An faɗa mana tun makon jiya," in ji Rahab.

Enoch ya buɗe baki. "Kin sani? Me ya hana ki gaya mini?"

"Ka tambaye ni? Ka tambayi mai faci."

Mata suka yi guɗa. Amma Malam Maitama ya ɗaga hannu, fuskarsa ta canza.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba. In kin zauna, aikinki yana nan. Sai dai duk ranar da babbar kujera ta buɗe, za a samu masu cewa 'yar ƙasa ta fi cancanta, kuma mai yiwuwa a saurare su. Can kuwa suna neman ungozomomi ido rufe, na ji ana kai kowa kusa da garinsu. Ki yi tunani. Bakinki nake jira, ba na kowa ba."

Rahab ta juya ta dubi titi, kuma wannan karon babu wasa a fuskarta. Enoch ya gani. Ya tuna tsohuwar uwarta da idonta ya fara mutuwa, da yadda Rahab take tsayawa bakin titi in motar kudu ta wuce, ta bi ta da kallo har ta ɓace. Shi duk kwanakin nan tsoron gwamnati yake ji. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa in an buɗe mata ƙofa za ta iya fita da ƙafarta. Ya matso a tsugunen da yake, muryarsa ta yi ƙasa.

"Maman Liatu. Me kike so?"

Ta dube shi ta daɗe.

"Sai yau."

"Sai yau. Na yi wauta."

Ta juya wajen tebur.

"Ranka ya daɗe, rubuta zan zauna. Rabin yaran garin nan a hannuna suka fara kuka, ba zan bar wa wata su ba. Amma a wurin gari ka rubuta Kagoro, da manyan baƙaƙe. Ban ari uban kowa ba, nawa ya ishe ni. Kujerar kuma in ta buɗe ma gani."

Enoch ya yi tsalle ya tashi. Ya rungumi Ummaru, ya rungumi itacen dalbejiya, ya nufi Malam Maitama da hannu a buɗe sai da mai gadi ya tare shi. Ya juyo zai kama hannun matarsa, sandar Gwaggo ta sauka a tsakaninsu.

"Kul! Muddin abin nan yana fuskarta ƙanwarka ce. Ba ta kwana ɗakinka, ba ta dafa maka, ba ka taɓa ko bakin zanenta, sai ya goge tas na gani da idona."

"Haba Gwaggo, fenti ne fa!"

"Fenti ne ka nuna wa gwamnati ka ce shaida?"

Rahab ta miƙe ta gyara farar hularta ta aiki.

"Gwaggo ta yi gaskiya, ni ba na saɓa wa manya. Tunda ba ni da miji a garin nan sai zane ya goge, zan ɗauki hutuna in je in ga uwata. Yaya, ka kula mini da yaran."

"Yaya? Ni ne Yaya?"

"Garin kunu yana cikin tulun da ke bayan ƙofa. Ruwan sanyi ake fara damawa da shi, ba na zafi ba."

Da azahar rabin garin ya rako ta bakin titi. Bas ɗin Funtua ta tsaya, daga can za ta nemi ta Zariya. Ta shiga ta zauna a bakin taga da ƙullin daddawar da Gwaggo ta ba ta ta kai wa uwarta. Fasinjoji suna gaishe ta da ladabi, wani Alhaji yana tambayarta ita 'yar wane gida ce a Katsinawa. Aka nemi Enoch aka rasa. Direba ya tayar da mota, ta fara gangarawa, sai ga shi ya ɓullo daga cikin kasuwa a guje, ya tattaro gaban rigarsa ta coci cike da lemun tsami, wasu suna zubewa yara suna tsinta. Ya bi motar yana jefa mata ta taga ɗaya bayan ɗaya.

"Ki goga da wannan! Safe da yamma! An ce in an haɗa da toka ya fi sauri!"

Rahab ta cafe ɗaya, ta shinshina, ta leƙo da kanta.

"Toka tana ɓata fata, Yaya! A hankali zan bi shi!"